Mai Wushirya ta Bangon Tasha

Abin da na fara gani a Diffa haƙorana ne.

Motar da ta ɗauko mu daga Maine ta shiga tasha da hantsi, ina matse tsakanin Inna da ƙullin kayan wata tsohuwa. Ta tagar motar na hango bangon wata rumfar abinci. An zana yarinya a jiki, riƙe da kwanon shinkafa, tana dariya bakinta a buɗe. Akwai wushirya a haƙoranta na sama, ba a tsakiya sosai ba, ta ɗan karkata hagu. A girarta ta dama kuma akwai ɗan wurin da gashi bai fito ba. Na kai yatsa na taɓa tawa girar, daidai inda bakin turmi ya sare ni tun ina ƙarama.

Ban gaya wa Inna ba. Ta shagala da neman takalminta a ƙarƙashin kujera. Muna saukowa sai ga yayana yana ratso mutane, wandonsa duk ɗigon fenti, shuɗi da ja da rawaya. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya karɓi akwatinta, sannan ya juyo kaina.

"Auta! Wannan tsawo haka? To bakin fa, har yanzu sai an roƙa ake buɗe shi?"

Na sunkuyar da kai. Muka bi ta gaban bangon, kafaɗarsa ta kusa gogar kwanon shinkafar, bai ko dube shi ba.

Mu mutanen Haɗeja ne. Yaya ya bar gida da daɗewa, tun Baba na da rai, domin Baba bai taɓa yarda cewa zane sana'a ba ce. Ya bi wani direba zuwa Gaidam, daga can ya tsallaka Nijar, ya tarar Diffa na ta ƙara girma, ana buɗe shaguna, kuma masu rubuta allon shago ba su da yawa. Da Baba ya rasu a tsakiyar shekarun casa'in, sai ya aiko mu taho. Ya kama mana ɗaki biyu a wani gidan haya da ba shi da nisa da kasuwa. Makonmu na farko atishawa kawai na yi ta yi. Lokacin tattasai ne, an shanya shi ja wur a kowane fili, ana dakawa, ana ɗurawa a buhu, iska na ɗauko yajin ta kawo har cikin ɗaki. Matan gidan suka ce da haka ake gane baƙo.

Ana jin Hausa a garin, amma ba irin tamu ba. Na ce makaranta, aka ce lakwal. Na ce asibiti, aka ce likita. Ranar da aka kai ni aji na ji yara suna ɗaga hannu suna kiran malami mushe, na tsorata, na zauna ina jiran a zane su da bulala, don a gidanmu mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce. Sai daga baya na gane haka ake kiran malami da Faransanci. Da yake ban san ko harafi na wannan yaren ba, aka saka ni cikin ƙananan yara, gwiwoyina na dukan ƙasan tebur. Da na buɗe baki sai a yi dariya, wani ya maimaita abin da na ce da muryar 'yan Najeriya. Dama ni ba mai magana ba ce. Sai na ƙarasa rufe bakin gaba ɗaya, na riƙa jawo kallabina har kan gira.

Amma ina da abin da babu wanda ya sani. Daga gidanmu zuwa lakwal, ina nan a bango.

Ina jikin shagon tela, sanye da riga mai faɗin hannu. Ina bangon wani ofishin lafiya ina wanke hannu da sabulu, kumfa har gwiwar hannu. Ina gefen mai sayar da ƙanƙara, na ɗaga kofi. A wani lungu ina kwance cikin gidan sauro, kuma ko a can ɗin dariya nake yi. Yaya ya ba ni kwalli da 'yan kunne da dogon wuya irin na manyan 'yan mata, shi ya sa babu wanda zai dubi wannan fuskar ya tuna da wata ramammiyar yarinya da ke bin gefen hanya kanta a ƙasa. Wushiryar dai tawa ce, tabon ma nawa ne. Kowace safiya nakan rage tafiya a gaban kowace, in ɗan dube ta da gefen ido. Idan an yi mini dariya a aji, a hanyar dawowa nakan ce a raina, ku yi ta yi, iyayenku a gabana suke sayen ƙanƙara.

Ranar da babu lakwal nakan zauna a inuwa in kalli Yaya yana aiki. Yakan jiƙa zare da shuɗin bula, ya ɗame shi a bango, ya tsinke shi da yatsa, layi ya fito a miƙe. Rubutun Faransanci mai shago ne ke rubuta masa a guntun kwali, shi kuma ya kwafa kamar hoto, har da ƙananan hulunan da suke ɗora wa haruffa. Wani malami ya taɓa ce masa idan ya zana mutum ya ja layi a wuya, don kada hoton ya zama kamar mai rai. Yaya ya ce to. Tun daga ranar kowace mace da ya zana tana da sarƙa. Da yamma idan ya dawo ni ce mai zuba masa kananzir a tafin hannu yana cuɗa yatsu. Lokacin ne yake ba ni labarin gari. Shi ya gaya mini cewa Komadugu, kogin da ke bayan garin, ruwan Haɗeja ne ya biyo mu. Ya ce idan na jefa kara a gadar garinmu, in na yi haƙuri zan tsince shi a nan.

Haka muka ci shekara da wani abu. Faransancina ya ɗan miƙe, aka ɗaga ni aji, atishawa ta ragu.

A idanu abin ya fara. An buɗe wani sabon shagon turare a hanyar kasuwa, Yaya ya yi masa bango. Na tsaya na duba, sai na ga idanun sun yi tsawo, sun ɗan ɗage ta gefe. Nawa zagaye ne kamar na ɗan akuya. Na ce ko burushin ne ya zame masa. Bango na gaba, wurin mai wankin hoto, bakin ya rufe. Murmushi ne kawai, leɓe a haɗe, babu haƙori ko ɗaya. Girar ta cika tsaf. Sai wata ranar Asabar ina zaune a bayansa yana gyara allon wani mai sayar da atamfa, na ga ya ajiye burushi, ya ɗauki tsinken tsintsiya, ya tsoma a fenti mai ruwan ƙasa. Ya matsa kusa har hancinsa na neman taɓa allon. A hankali, yana riƙe numfashi, ya ja siraran layuka daga gefen ido zuwa haɓa, a kunci ɗaya, sannan a ɗayan. Zanen Barebari. Ni ba ni da zane a fuska. Babu mai shi a duk danginmu.

Ban tambaye shi ba. Ba a jima ba amsar ta zo da kanta, ta kan gashina.

"Inna, kan yarinyar nan ya tsufa," in ji Yaya wata rana bayan la'asar. "Bari in kai ta kitso."

Inna ta dube shi. Ya yi wanka, ya sa farar shadda, ya ƙanƙare farcensa har ba ka ganin ɗigon shuɗi. "Yaushe ka fara ganin kan mutane?" ta ce. Amma ta bar mu muka tafi.

Shagon kitson na wata dattijuwa ne, a wani lungu mai ƙamshin turaren wuta. Yaya ne ya yi mata bangon gaba tun kafin mu zo, kuma nan ne na fi yawa a duk garin. An jera ni, kai bayan kai, wannan da shuku, wannan da kalaba, wannan da zanen yawo, duk ina dariya. A ƙarƙashin kawunan nan, a kan 'yar kujera, wata budurwa na zaune tana tsefe wa wata mata kai. Ta ɗago. Ga dogayen idanun, ga layukan nan a kunci, sirara kamar an ja su da allura. 'Yar ɗan'uwan mai shagon ce, daga wani ƙauye na bakin kogi ta wajen Bosso, iyayenta manoman tattasai. Ta zo wurin goggonta koyon sana'a.

"Wushe," ta gaida Yaya da yarensu, ba ta dube shi ba. "Wannan ce ƙanwar? Zo nan, fero." Haka suke ce wa yarinya.

Na zauna a tabarma tsakanin gwiwoyinta, na ba ta baya, na cire kallabi, na dunƙufar da kai. Yaya ya zauna a benci bakin ƙofa yana juya hularsa a hannu. Ni ban taɓa jin Yaya yana in'ina ba sai ran nan.

Daga nan kaina bai sake hutawa ba. Kitson da kan yi wata guda sai Yaya ya ce ya tsufa tun bai yi mako biyu ba. Inna ta ce, "Kai, yarinyar nan za ta yi sanƙo kafin ka yi aure." Ya yi dariya, ita ma ta yi. Ni ce ban yi ba. Nakan zauna fatar kaina na zafi, su kuma suna zance a saman kaina kamar ni turmi ce aka ajiye a tsakani. Goggon takan leƙo daga ciki ta tsokane shi.

"Mun aika wa babanta cewa mai zane ne ke nemanta. Ya ce alhamdulillahi, 'yarsa ba za ta rasa na ɗaurawa ba. Yanzu wa zai je ya gaya masa na bango ne?"

"Goggo, ai na bango ba ya yagewa."

"To ka ɗaura mata bango ta tafi biki mu gani."

Na yi ta neman aibin mai kitson nan, kamar yadda ake tsintar tsakuwa a shinkafa. Yatsunta sun yi kaushi saboda tsinkar tattasai. Tana tauna ƙarshen tsinken kitso. Idan ranta ya ɓaci Hausarta kan kife, ta ce wa namiji ke, ta ce wa mace kai, don a yarensu babu wannan bambancin. Na ajiye wannan a raina ina jin daɗi, har ranar da na ji Yaya yana kwaikwayonta shi kaɗai a tsakar gida yana murmushi. Hannunta kuwa, duk ƙin da na yi, yana da laushi a ka. Ba ta taɓa ja mini gashi da gangan ba. Ta kawo wa Inna dakakken tattasai a kwalba, Inna ta zuba a miya ta ce tunda ta zo ƙasar nan ba ta ci irinsa ba. Ran nan na ce na ƙoshi.

Kananzir ma na rasa shi. Yaya ya daina jira sai ya dawo gida. Yakan wanke hannu tun a wurin aiki, ya wuce shagon kitso kai tsaye, ya shigo mana bayan magariba yana ƙamshin turaren da ba namu ba.

Wata yamma ina tsakanin gwiwoyinta, an kai rabin kai, na ji yatsunta sun tsaya.

"Wace ce wannan?" ta ce.

"Wa?" in ji Yaya daga benci.

"Wadda ke bisa kaina. Tun safe har yamma tana kallon mutane tana buɗe haƙora. Na je kasuwa tana can. Na je tasha aika saƙo tana can da kwanon shinkafa. Wace ce?"

Na ƙara dunƙufar da kai.

"Ba kowa ba ce," Yaya ya ce. "Hoto ne kawai."

"Ba kowa ba ce take da tabo a gira? Kullum a gira ɗaya, kullum a wuri ɗaya? Ni kitso nake yi, na san kan da aka gani da wanda aka ƙirƙira." Yatsunta suka koma aiki, amma yanzu da ƙarfi, kowace kalma ina jin ta a fatar kaina. "Ke, kar ki raina mini hankali!"

"To, yau kuma na zama mace."

"Ki zama abin da kika ga dama. Akwai wadda kika bari a Najeriya, kika zo kika cika mana gari da ita."

Goggon ta saki dariya daga ciki. Yaya ya yi rantsuwa, ya sake yi. Mai kitson ta sunkuyo har na ji numfashinta a ƙeyata. "Fero, kai ka faɗa mini gaskiya. Wa ya bari a garinku?"

Na kalli tabarma. Akwai wani zare kore da ya fita daga saƙar, na yi ta kallonsa. Na jira Yaya ya ce, ai ga ta nan a gabanki. Kalma biyar ko shida ce, kowa ya yi dariya, a wuce wurin. Bai ce ba. Ni kuma wani abu mai ɗumi ya cika mini ƙirji, wanda ban taɓa jin irinsa ba. Wannan kyakkyawar, mai dogayen idanu, wadda ta ƙwace mini bango da kananzir da yabon Inna, kishina take yi. Nawa. Na so abin ya ɗan daɗe.

"Bar ta, ba ta magana," in ji Yaya.

"To ni ina magana," ta ce. "Ba za ka taka ƙauyenmu gaida Baba ba sai wannan mai wushiryar ta bar garin nan."

Na ɗauka wasa ne irin na masu zance. Bayan kwana kaɗan, a hanyar lakwal, na tarar da bangon tela fari fat. Fentin bai bushe ba, ƙuda ɗaya ya maƙale a jiki. Idan ka ƙura ido kana iya hango inuwar hannun rigar a ƙasa. Da na dawo da rana an zana wata, leɓe a rufe, layuka a kunci. Telan na tsaye yana yabawa, wai an sabunta masa kyauta.

Sai mai ƙanƙara. Sai shagon kitson, inda aka shafe ni kai bayan kai a yini guda. Ta ofishin lafiya ta ɗan daɗe, don sai da Yaya ya nemi izini, amma ita ma ta tafi, ta bar sabulun a hannun wata. Ta gidan sauro kuwa ruwan sama ya riga ya cinye rabinta, bai sha wahala ba. Hanyar lakwal ta koma hanya kawai, da yashi da awaki da 'yan kabu-kabu. Na daina rage tafiya. Ɗumin nan da na ji a shagon kitso bai kai ko mako ba.

Wata rana aka yi sa'a ya dawo gida da fenti a hannu, fari har wuyan hannu. Na yi sauri na ɗauko kwalbar kananzir kafin ya nema. Ya tsuguna a bakin rariya, na tsaya a kansa ina zubawa kaɗan kaɗan don kada ta ƙare da wuri.

"Yaya."

"Iye? Yau an buɗe?"

"Ta bangon nan. A ina ka samo ta?"

Ya ci gaba da cuɗa yatsu. "Ke ma? Wallahi ban sani ba, Auta. Tun ina zane da gawayi a zauren Baba, idan na ce zan yi mace ita ke fitowa. Hannuna ne ya saba."

Na tuna zauren. Nakan zauna a dakali ina cin gyaɗa, shi yana zana jakin maƙwabcinmu da fuskar maƙwabcin, ni kuma ina dariya har in faɗo. Lokacin ina dariya. Yakan waiwayo ya dube ni, ya koma bango, ya sake waiwayowa, kafin mu ji takun Baba mu goge da tsumma.

"Ba ta yi maka kama da kowa ba?" na ce.

Ya ɗago ya dube ni sosai. Kallabina na kan gira, bakina a rufe. Na ji kamar in cire, in buɗe, amma hannuna na riƙe da kwalba, kuma fuskata ta ƙi motsi.

"Duk mai dariya kama take da 'yar'uwarta," ya ce. "Zuba mini nan, a babban yatsa."

Inna ta ce daga madafa, "Da ka bar zanen mutane ka koma na kwalabe da takalma, da duk ba a yi wannan ba."

"Saura ɗaya, Inna. Ta tasha. Mai rumfar ta ce in bari a ci kasuwar Talata, kada fenti ya kore mata masu ciniki. Laraba da safe in gama, Juma'a mu tafi ƙauye."

Kananzir ya zube mini a ƙafa.

Ran Talata da aka tashi lakwal ban nufi gida ba. Na bi ta tasha. Ko'ina buhunan tattasai, an jibge su sun fi mutum tsawo, 'yan dako na ihu, manyan motoci na jiran lodi zuwa Najeriya. Na yi atishawa kamar ranar da na zo. Tana nan a bangonta. Rana ta ɗan cinye jan rigarta, hayaƙin murhu ya baƙanta gindin kwanon, wani ya jingina keke a kafaɗarta. Dariyar ba ta ragu ba. A ƙarƙashin teburin mai abinci na hango gwangwanin farin fenti, Yaya ya riga ya kawo ya ajiye, da burushi a kwance bisa murfin.

Na shiga bayan wata mota da ke tsaye, na cire kallabi, na fara tsefe kitsona da yatsu. Bai fi kwana kaɗan da yi ba, yana nan daram, sai da na yi ta fizga. Na tsefe gefe ɗaya, na mayar da kallabi, na kama hanyar lungun turaren wuta. Ban taɓa zuwa ni kaɗai ba.

Ita kaɗai ce a shagon, goggon ta tafi kasuwa. Tana zaune ƙarƙashin sababbin kawunan nan masu kama da ita, tana gyara tsinke da reza.

"Fero? Ina yayanki?"

Na nuna mata kaina.

"Kai! Wa ya yi miki wannan? Faɗa kuka yi a lakwal?" Ta jawo tabarma da ƙafa. "Zauna. Kitson da na ɓata yamma guda a kansa."

Na zauna na ba ta baya kamar kullum. Ta shafa mai, ta tsaga, ta fara. Yau hannunta a sanyaye yake, tana 'yar waƙa da yarensu a ƙasan maƙoshi. Can ta ce, "Juma'a za ku zo garinmu. Za ki ga kogi sosai, ba irin na nan ba. Zan sa ƙannena su kama miki kifi." Ta kama wani layin. "Kin san ba mugunta ba ce. Ke yarinya ce, ba za ki gane ba. Mutum ya zo daga wata ƙasa, ba ki san gidansu ba, ba ki san wa ya sani ba. Abin da kika gani kawai shi ne abin da hannunsa ke yi idan bai yi tunani ba. Kuma hannunsa wata yake yi." Ta ɗan ja tsaki. "Kyakkyawa ce kuma, abin haushin. Wannan dariyar, ni ban iya ta ba."

Na juya. Gashin ya zame daga yatsunta, layin da ta fara ya warware.

"Ke, zauna daidai mana."

Ban koma ba. Na durƙusa a gabanta, fuska da fuska, abin da ban taɓa yi ba duk zuwan da nake yi. Na so in yi dariya irin ta bangon, ta ƙi zuwa. Sai na sa yatsa na ɗaga leɓena na sama, kamar yadda ake duba haƙoran rago a kasuwa. Na bar shi a ɗage. Da ɗaya hannun na nuna girata ta dama.

Ta duba bakin. Ta duba girar. Ta sa babban yatsanta mai kaushi ta shafa tabon, sau ɗaya, a hankali. Tsinken da ke bakinta ya faɗo kan cinyarta, ba ta ɗauka ba. Ta ɗaga kai ta kalli bangon da ke samanmu, inda farin fenti ya leƙo ta gefen sababbin kawunan, sannan ta dawo da ido kaina.

"Shi ya sani?" ta ce.

Na girgiza kai. Na saki leɓen, don in iya magana. Ban taɓa kiran ta da komai ba, ko a gaban ido ko a bayan ido. Ran nan na kira ta da sunan da nake kiran mutum ɗaya kawai a duniya.

"Yaya," na ce, muryata na fita da ƙyar. "Sauran duk na bar miki. Don Allah ki ce masa ya bar mini ta tasha."